Tsokaci Kan Wahalar Buga Maƙalun Nazarin Hausa

Abin da za mu tattauna a wannan maƙala ba baƙo ba ne ga mahalarta wannan taro, domin da wuya a sami malami a cikinmu wanda ba shi da wani aiki da ya kammala tuntuni, amma har yanzu yana kwance cikin durowa. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan rashin kuɗi kawai. A ganinmu wannan bayani ya yi gajarta.

Gaskiya ne kuɗi na da nasa rabon. Lokacin da aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a 1969, har ta fara fitar da mujallar Harsunan Nijeriya, mai nazari yana da inda zai kai aikinsa. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, shi ma yana karɓar littattafai. Shi ne ya buga Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya a 1988. To amma daga 1986, da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, takarda da tawada suka yi tsada, daga baya kuma masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin suka durƙushe. Mujallar da aka saba gani duk shekara sai ta koma fitowa in an samu hali, wani lokaci ma a haɗe fitowar shekaru biyu ko uku cikin bango ɗaya.

Inda muke so mu tsaya shi ne ma'aunin da jami'o'inmu suka ɗauka wajen ƙarin girma. A jami'o'i da dama ana neman malami ya nuna maƙalun da ya buga a mujallun ƙasashen waje, ko waɗanda ke cikin manyan rumbunan tantance mujallu irin su Scopus. Shi kuwa Scopus, daga cikin sharuɗɗansa akwai cewa mujalla ta riƙa fitowa a kan kari, kuma take da tsakuren kowace maƙala su kasance da Ingilishi. Mu dubi abin da wannan ke haifarwa. Mujallar sashe ba ta fitowa a kan kari saboda ba ta da kuɗi, saboda haka ba ta shiga rumbun. Tun da ba ta shiga ba, maƙalar da aka buga a cikinta ba ta da nauyi a gaban kwamitin ƙarin girma. Ganin haka sai malamin da ya fi ƙwazo ya juya aikinsa zuwa Ingilishi ya aika waje, ya bar wa mujallar gida abin da ya rage. Wato da hannunmu muke raunana mujallar, sa'an nan mu dawo mu ce ba ta da inganci.

Kuma ba kowane nazari ne yake jure fassara ba. Wanda ya yi aiki a kan karin waƙa ko amsa-amo ko salon makaɗan fada, in ya mayar da shi Ingilishi, rabin shafukansa za su tafi wajen bayyana abin da ɗalibin aji ɗaya ya riga ya sani. Alhali tun 1990 aka fito da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Dalhatu Muhammad ya tace, musamman domin a iya yin irin wannan nazari da Hausa. Ina amfanin ƙirƙiro kalmomin, in ba a ƙidaya aikin da aka yi da su?

Sai maganar tantancewa, wadda a nan laifin namu ne. Mu kanmu mun taɓa aika maƙala ga wata mujalla, ta shekara biyu babu labari, da amsa ta zo kuwa layi uku ne, duk a kan ƙa'idojin rubutu, babu ko kalma a kan hujjar da muka kafa. Mai tantancewa ba a biyansa, ba a kuma lissafa masa wannan wahala a ko'ina, ga aji cike da ɗalibai. Ba mu ce wannan uzuri ne ba, amma shi ne dalili.

Wanda ya gaji da jira yakan faɗa hannun mujallun intanet na 'yan kasuwa, masu buga kowace irin maƙala cikin mako biyu muddin an biya da dala. Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Amurka, ya daɗe yana tattara sunayensu, har zuwa Janairun 2017 da ya sauke jerin nasa. Abin takaici, irin wannan maƙala takan ci maki a matsayin "ta ƙasar waje", ta wuce wadda shehunnan malamai biyu suka karanta a gida. Littattafan karramawa, waɗanda suka yawaita a sassanmu, sun ɗan rage cunkoso, sai dai akasari kwafi kaɗan ake bugawa, a raba a ranar biki, bayan shekara guda ko marubucin sai ya yi aro.

Don haka muna ba wannan taro shawara ya rubuta wa majalisun dattijan jami'o'inmu, ya nemi a riƙa auna maƙalun harsunan gida da rahoton masu tantancewa, a kuma ba mai tantancewa makinsa. Sassanmu kuma su haɗa ƙarfi a kan mujalla ɗaya ko biyu da za su riƙa fitowa a kan kari, da tsakure cikin Hausa da Ingilishi, a nemi tallafin TETFund a kansu, a kuma sa tsofaffin fitowa a intanet yadda ɗalibi a Damagaram ko Kumasi zai iya karantawa.