Wasiƙar Talla da Neman Masu Sayen Inshora a Amurka

A kasuwar inshora ta Amurka, wato harkar da mutum ke biyan kamfani kuɗi a kai a kai domin ya ɗauke masa nauyin asara ko jinya idan ta auku, har yanzu dillalai na kashe kuɗi masu yawa wajen aika wasiƙun talla ta gidan waya zuwa ga mutanen da aka tace bisa shekarunsu ko unguwarsu ko sana'arsu, duk da cewa intanet ta mamaye sauran fagagen talla. Dabarar daɗaɗɗiya ce, domin kamfanin inshorar mota na GEICO, wanda Leo Goodwin da matarsa Lillian suka kafa a 1936, ya ginu ne a kan aika wa ma'aikatan gwamnatin tarayya da wasu jami'an soja wasiƙu kai tsaye, bisa lissafin cewa irin waɗannan mutane ba su cika ganganci da mota ba.

Ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu a wannan harka, abu ne da ya rataya a kan jerin sunayen da aka aika wa fiye da kyawun takarda ko daɗin lafazin da ke cikinta. Misali mafi ƙarfi shi ne Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnati da aka kafa a 1965 domin waɗanda suka kai shekara 65. Doka ta ba mutum watanni 7 na yin rajistar farko, uku kafin watan da zai cika shekarun, da watan kansa, da uku bayansa, saboda haka dillalin da ya sayi jerin masu gab da cika 65 ya san wasiƙarsa za ta riski mutum a daidai lokacin da ya wajaba ya yanke shawara. Bugu da ƙari, ƙa'idojin hukumar da ke kula da shirin sun hana mai sayar da tsarin Medicare Advantage, wato wanda kamfanoni masu zaman kansu ke gudanarwa, ya kira mutum a waya ko ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ba tare da izininsa ba, amma sun halatta wasiƙa. Ɗan katin amsa da ke cikin wasiƙar, wanda dattijo zai cike da hannunsa ya mayar ta gidan waya, shi ne izinin, kuma a nan ne darajar wasiƙar take.

Inda babu irin wannan lokaci na buƙata, lissafin yakan rushe. A 2011 hukumar gidan waya ta Amurka ta ɓullo da tsarin da ke kai talla kowace ƙofa a unguwa ba tare da suna ba, a farashi mai rahusa, wanda ya dace da mai gidan abinci, amma ga dillalin inshora yawancin takardun a kwandon shara suke ƙarewa. Ko a jerin da aka tace, masu amsawa 'yan ƙalilan ne, masu saye kuma sun fi su ƙaranci, don haka sau da yawa ribar ba ta fitowa sai an haɗa da kamashon da dillali ke samu duk shekarar da abokin ciniki ya sabunta inshorarsa. Wanda jarinsa bai kai ya maimaita aikawa watanni a jere ba, kuma ba ya kiran mai amsa kafin ya manta da katin, gara ya riƙe kuɗinsa.

Abin takaici a harkar shi ne yadda wasu ke ƙara yawan masu amsawa ta hanyar yi wa ambulan kama da takardar hukuma, da tambari mai kama da na gwamnati da gargaɗin cewa wa'adi ya kusa cika, musamman a tallar inshorar kuɗin jana'iza da ake aika wa tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi. Bayanin cewa kamfanin ba shi da alaƙa da gwamnati yakan maƙale a ƙasan shafi cikin ƙananan haruffan da idon ɗan shekara 70 ba ya iya karantawa. Wannan yaudara ce ko da doka ba ta kama mai yin ta ba, kuma ko ta fuskar ciniki ba ta ɗorewa, domin wanda ya gano an ruɗe shi yakan soke inshorar tun a watannin farko, kamfani kuma ya karɓe kamashon da ya riga ya biya dillalin.