Umarnin Kariya a Dokar VAPP ta 2015: Tsokaci a Ma'aunin Fiƙihun Malikiyya

Gabatarwa

A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Sashe na 47 ya taƙaita aikinta ga Babban Birnin Tarayya, Abuja, don haka sai kowace jiha ta kafa tata. Mafi yawan muhawarar da aka tafka a kanta a Arewa ta tsaya ne kan zargin cewa baƙuwa ce da aka shigo da ita don rusa iyali. Wannan maƙala ta keɓe ɓangare ɗaya na dokar, wato umarnin kariya da kotu ke bai wa wanda ake cutarwa a cikin gida, domin ta auna shi da abin da ke cikin littattafan alƙalanci na mazhabar Malikiyya.

Abin da dokar ta tanada

Sashe na 28 ya ba wanda aka cuta damar neman umarnin kariya daga kotu. Ɗan sanda, ko ma'aikacin lafiya, ko malamin makaranta na iya nema a madadinsa da izininsa a rubuce, sai fa in yaro ne ko wanda ba ya cikin hayyacinsa. Idan alƙali ya ga alamar haɗari na kusa, yana iya ba da umarni na wucin gadi tun kafin ya saurari wanda ake ƙara. Umarnin na iya hana wanda ake ƙara sake cutarwa, ko tura wani ya yi, ko shiga mazaunin mai ƙara da wurin aikinsa, kuma yana iya ɗora masa biyan kuɗin agajin gaggawa. Saɓa wa umarnin laifi ne mai jawo tara ko ɗauri.

Inda ta dace da fiƙihu

Da'awar cewa shari'a ba ta san irin wannan tsari ba da'awa ce marar tushe. Gusar da cuta na cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu guda biyar, kuma aya ta 231 ta Suratul Baƙara ta hana riƙe mata don a cutar da su. A babin nushuzi na Mukhtasar na Shehu Khalil an tsara matakai daki-daki: idan zaluncin miji ya tabbata, alƙali ya tsawatar masa, idan ƙara ta yi ta maimaituwa ba tare da shaida ba, a zaunar da ma'auratan a tsakanin mutanen kirki waɗanda za su lura su ba da shaida, idan lamarin ya rikice, a tura masu sasanci biyu kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta umarta. Khalil ya kuma bai wa mace haƙƙin neman saki saboda cutarwa ko da shaidu ba su ce an maimaita ta ba. Ibnu Asim, a cikin Tuhfatul Hukkam wadda alƙalan Arewa ke aiki da ita har yau, ya yarda a tabbatar da cutarwa ta hanyar labarin da ya bazu a tsakanin jama'a, domin ya san ba a gayyatar shaidu idan za a yi duka a ɗaka.

Saboda haka tsawatarwar alƙali da umarnin kariya manufarsu ɗaya ce: a tsayar da hannun mai cuta tun aure bai mutu ba. Wanda ke tsoron yawan saki shi ya fi cancanta ya goyi bayan matakin da ke tsakanin “ki yi haƙuri” da raba aure.

Shubuha mafi nauyi ita ce ta umarnin wucin gadi, domin i'izari, wato ba wanda ake ƙara damar kare kansa, sharaɗi ne na ingancin hukunci a wajen Malikiyya. Amsa ita ce wannan umarni kandagarki ne, ba yanke hukunci ba, kamar yadda alƙali ke tsare dukiyar da ake jayayya a kanta kafin shari'a ta ƙare. Idan an halatta haka domin kare dukiya, to rai da gaɓoɓi sun fi cancanta, tun da kare rai na gaba da kare dukiya a jerin maƙasudan shari'a. Sharaɗi dai shi ne a gaggauta sauraron mijin.

Inda ta gaza

Na farko shi ne hurumi. Sashe na 27 ya miƙa ikon sauraron ƙara ga Babbar Kotun Abuja kaɗai. Duk jihar da ta kwafi wannan tsari yadda yake, ta nesanta magani daga majinyaci. Matar da ke ƙauye kotun alƙali ta sani, inda za ta tsaya ta yi magana da Hausa ba tare da lauya ba. Umarnin da sai an yi doguwar tafiya zuwa babban birnin jiha kafin a same shi bai amsa sunan gaggawa ba.

Na biyu, dokar ba ta ce komai ba game da sakamakon umarnin a hukunce-hukuncen aure na Musulunci. Matar da ta koma gidan iyayenta bisa umarnin kotu, al'ada za ta ce ta yi yaji, miji kuma ya yi da'awar nushuzi ya yanke ciyarwa. A fiƙihu ciyarwa na faɗuwa ne idan mace ta fita ba da haƙƙi ba, kuma wadda ta guje wa cutar da ta tabbata ba ta cikin wannan. Sai dai muddin ba a rubuta haka a doka ba, kotu biyu za su iya ba da hukunci biyu masu karo da juna a kan gida ɗaya.

Na uku, dokar ta jingina aiwatarwa ga 'yan sanda da jami'an gwamnati, ta bar waliyyi da dangi da maƙwabta a gefe. Tsarin Khalil ya fi ta hangen nesa a nan, domin ya sa masu lura a bakin ƙofa. Takardar kotu ba ta tsare kowa da tsakar dare idan babu maƙwabcin da aka ɗora wa amanar sa ido.

Akwai kuma tuntuɓen da ya girmi dokar. Sashe na 55(1)(d) na kundin Penal Code da ya fara aiki a Arewa a 1960 ya cire duka da sunan ladabtar da mata daga jerin laifuffuka, matuƙar bai kai ga mummunan rauni ba kuma al'adar ma'auratan ta yarda da shi. Wannan iyaka ta fi ta fiƙihu faɗi nesa ba kusa ba, domin malamai sun haramta duk abin da ke yin tasiri a jiki, kuma ya inganta daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ba.

Kammalawa

Umarnin kariya na da asali a fiƙihu, nakasunsa na cikin yadda aka tsara isar da shi ne. Abin da ya kamaci majalisun jihohin da ke aiki da shari'a shi ne su ba kotunan Musulunci ikon bayar da shi ƙarara, su tabbatar da ciyarwa a tsawon wa'adinsa, su ƙayyade kwanakin sauraron miji, su kuma raya tsarin amintattun maƙwabta da masu sasanci. Malamin da ya yi watsi da dokar bai kawo madadinta ba, to ya bar wadda aka zalunta tsakanin duka da saki, alhali littafin da yake karantarwa a zaure ya ba ta mafita. Allah ne Mafi sani.