Gidan Makama Ya Gama Da Ni

Duk wanda ya ce mini ya san Kano alhali bai taɓa sa ƙafa a Gidan Makama ba, to Kantin Kwari ya sani da cunkoson 'yan adaidaita sahu. Ni kam gidan nan ya gama da ni, kuma ba na jin nauyin faɗa a gaban kowa. Ga shi nan a tsakiyar birni, daura da fadar Sarki, ginin ƙasa da zankwayensa, jama'a na wuce shi safe da yamma ko waiwaye ba sa yi, alhali a bayan katangar nan rigunan kakanninmu ne a adane, da hotunansu, da 'yan komatsan da suka tafi suka bari. Kai jama'a, Allah ya yi mana arziki!

Ginin kansa ma ya isa a biya kuɗi a kalla. A ƙarni na 15 aka gina shi domin Muhammadu Rumfa, lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama Sarkin Kano a 1463. Ka ga ke nan gidan ya girmi fadar da yake kallo, tunda sai da Rumfa ya hau mulki sannan ya gina Gidan Rumfa. Da Turawa suka ci Kano sun ɗan yi ofis a cikinsa, daga baya wani sashe ya zama makaranta, yau kuma yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, an kasa shi ɗakunan nuni 11. Kana shiga daga zafin titi sai wani sanyi ya tare ka, irin wanda ginin tubali kaɗai ya iya, ka ɗaga kai ka ga azara a jere da bakan gizo ya riƙe rufi. Magina ne suka yi wannan da hannu da ido, ba siminti ba rodi, kuma ga shi a tsaye.

A zaure za ka yi karo da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, ciki har da na Ƙofar Kabuga, wadda ta nan sojojin Kanar Morland suka shigo birni ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sarki Alu kuma ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Tun muna firamare muke jin labarin nan, amma ka tsaya gaban ƙyauren da idonka, ka ga faɗinsa da ƙusoshin maƙera a jikinsa, wannan wani abu ne daban. Tsigar jikina sai da ta tashi.

To amma ba ƙyaure ne ya sace mini zuciya ba. Tufafi ne.

Ka samu tsohuwar babbar riga irin ta saƙar hannu ka matsa kusa da ita, kusa sosai, har ka fara ganin zare ɗaya ɗaya. Abin da daga nesa ka ɗauka yadi ne guda, ashe 'yan siraran saƙa ne, kowanne bai kai faɗin tafin hannu ba, aka jera su gefe da gefe aka bi da allura har suka zama riga mai fuka-fukai da za ta rufe ƙato tun daga kafaɗa har idon sawu. Yanzu lissafa hannun da ya taɓa ta. Manomi ya shuka auduga ya tsince. Wata mata a cikin gida ta gurje ta, ta shiɓe, ta zauna da mazari da ɗan alli a yatsa tana kaɗi, wata da watanni. Masaƙi ya ɗora zaren yana wurga ƙoshiya dama da hagu. Marini ya tsoma a cikin baba. Maɗinki ya haɗa, ya sa mata shafi a bakin ƙasa. Sannan wani malami ya zana mata aiki a ƙirji, wani kuma ya zauna a zaure ya cike zanen da allura, ɗinki bisa ɗinki, har idonsa ya yi ja. A ƙarshe mabuga suka ɗora ta a kan gungume suka yi ta sakar mata mabugi har ta ɗauki ƙyalli. Riga ɗaya tak, amma unguwa guda ta ci abinci a kanta!

Aikin ƙirjin nan kuwa, ni dai ban san abin da ya fi shi kyau a duk fasahar ƙasar Hausa ba, kuma wanda yake da ja ya zo mu zauna. Dubi aska takwas: askake uku suna saukowa a gefen wuya, biyar a kan aljihu, dogaye masu tsini, ga tambari a zagaye a ɗaya ɓangaren ƙirjin, ga wani a gadon baya, ga linzami ya kama wuyan rigar. Aska biyu ta fi sauƙi, amma ita ma da kwarjininta. Idan an yi aikin da zaren tsamiya, wato sililin da tsutsar jikin bishiyar tsamiya ke yi, sai ka ga wani launi mai duhu-duhu, ba fari ba ba ja ba, wanda ba ya ihu amma ba ka iya ɗauke ido. Sai saƙi, mai ɗigo-ɗigon nan na baƙi da fari wanda duk mai ido zai ce gashin zabuwa ne. Sai barage mai ratsin alharini ja, alharinin da ya ƙetaro Sahara a bayan raƙumi. Aikin keke na yanzu yana da kyau, ban ce a'a ba, ni ma shi nake sawa ranar Juma'a. Amma aikin keke a kwance yake shamɓal, layi ɗaya ba ya saɓa wa ɗan'uwansa. Na hannu kuwa yana da tudu da kwari, a wani wurin za ka ga inda mai allura ya gaji, a wani wurin inda ya farka da ƙarfinsa.

Kada wani ya ɗauka son gida ne ya kwashe ni. Baturen Jamus ɗin nan, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya ga kayan saƙa da rini na ƙasar nan suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tumbutu, ya kuma ƙiyasta cewa abin da ake fitarwa waje a shekara bai gaza na wuri miliyan 300 ba. Kano ba ta bakin teku. Auduga ce da baba da ƙwarewar hannu suka ɗaukaka ta. Turkuɗin Kura, wanda ake buga masa garin shuni har ya riƙa walƙiya yana zuba a fatar mai sa shi, shi ne abin alfaharin Buzaye a cikin hamada, har gobe. Saboda haka idan na tsaya gaban tsohuwar rigar shuni a Gidan Makama, arzikin garin nake kallo tsirararsa.

Kayan yaƙi ma tufafi ne, in ka lura. Lifidi ai auduga ce aka cusa a cikin ƙyalle aka ɗinke domin kibiya ta maƙale, doki ya sa nasa mahayi ya sa nasa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Shi kuwa mai gidan namu, Rumfa, shi aka jingina wa kakaki da figini da takalmin gashin jimina. Ka duba fa: abubuwan da muke rububin gani ranar hawan Daushe muna ɗauka a waya, wanda ya fara su ya kwana a gidan nan da kake takawa. Ɗakin da ya shafi Basasar Kano, ta Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895, ban daɗe a ciki ba, domin labarin 'yan'uwa suna sarar juna ba ya mini daɗi, amma ya dace da aka ba shi wurinsa ba a ɓoye ba.

Sai hotuna. Allah ya jiƙan waɗanda suka adana su! Ga sarakuna da hakimai da dogarai, ga Turawan mulki da faffaɗan hulunansu, ga ganuwa lokacin da take ganuwa, tana tsaye da tsayinta ba kango ba. Mutum yana bin bango yana bin zamani: Abbas da Turawa suka naɗa a 1903, Usman daga 1919, Abdullahi Bayero daga 1926 har 1953, shekarun da jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, gyaɗa ta zama sarauniya, buhuna suka tashi dala-dala. Ni kuwa a kowane hoto ba fuskar babban da ke tsakiya nake fara dubawa ba. Gefe nake zuwa. Can za ka ga wani bafade ya naɗe hannun riga bisa kafaɗa yana hararar mai ɗaukar hoto, ka ga yaro da 'yar taguwa ba takalmi ya leƙo, ka ga bambancin naɗin rawani, wannan mai kunne biyu na 'ya'yan sarki, wancan na malami, wancan ya ja amawali ya rufe baki sai idanu. Ba wanda ya rubuta sunayensu, amma tufafinsu sun faɗi ko su wane ne.

A nan ne hikimar gidan ta fito mini sarai. Tsohon hoto baƙi da fari ne, ya cinye launi. Rawanin ɗan Kura da ke ƙyalli a rana, a hoto sai ya koma baƙi kawai. Jar rigar dogari da koriyarta su zama toka-toka. Ita kuma rigar da aka rataye tana da launinta amma ba ta da mutum a ciki, ba ka san yadda ake tattare ta a hau doki ba, ko yadda take buɗewa idan an zube ana gaisuwa. Sai gidan ya ajiye maka su a ƙarƙashin rufi ɗaya: ka ɗauki launi a wannan ɗaki, ka kai wa mutanen da ke wancan bangon. Ka yi haka sau ɗaya, wallahi ba za ka ƙara kallon tsohon hoto yadda kake kallonsa da ba.

Mata kuma kada su ce an bar su a baya, domin ɗakin amarya na nan, kuma shi ne inda na ga mutane sun fi sakin jiki suna dariya. Jere ne irin na da, ƙorai da tasoshi da faya-fayai an ɗora wani kan wani, kowane abu da mazauninsa. A nan na tarar da wata dattijuwa da jikarta budurwa. Yarinyar ta nuna jeren ta ce, "Iya, wai duk wannan na girki ne?" Tsohuwa ta kama haɓa ta ce, "Girki? Ke 'yar nan, wa zai bari ki taɓa? Wannan ai mutuncin uwar amarya ne. Ranar buɗar kai mata za su shigo su ƙirga da ido, su fita da labari." Daga nan fa baki ya buɗe. Ta shiga ba ta labarin zunguru da ake zura hannu a ciki an ƙunsa lalle, da tandun kwalli, da jigida da tsakiya da murjani, da adudun da uwarta ke ajiye zannuwan fita unguwa da ɗan turare a ƙasa. Mu da ke gefe muka yi tsit muna sauraro, ba wanda ya gayyace mu.

Abin da ya ɗan sosa mini rai, kuma laifin namu ne mu 'yan gari, shi ne tuna irin waɗannan kaya nawa muka rabu da su da hannunmu. Tsohuwa ta rasu, a kwashe tasoshinta na tagulla a ba 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba. Rigar kaka ta saƙi a bar wa asu da gara a ƙasan akwati. Hoton aure na shekara sittin ruwan damina ya lalata shi a bango. Da na fito daga gidan nan sai na ji ina son in bi dangi gida-gida in ce kowa ya buɗe adakarsa mu gani.

Akwai kuma kayan kiɗa, akwai taswirar ganuwa da ƙofofinta, akwai fili a ciki inda 'yan koroso ke cashewa idan an yi sa'a. Duk suna da daɗi, amma in na biye musu ba zan gama ba.

Shawarata ga mai zuwa: ka je da safe, kada ka yi gaggawa, ka bar ma'aikatan gidan su zagaya da kai domin akwai abin da ba ya cikin rubutun jikin bango. Malaman makaranta su kwaso ɗalibai, 'yan fim ɗin Hausa masu shirya labarin zamanin da su zo su ga yadda ake naɗa rawani kafin su ɗora wa jarumi labulen ɗaki a ka. In ka fito, ka miƙe zuwa marinar Ƙofar Mata ka ga baba yana kumfa a rami, ka ji ƙarar mabuga, daga nan ka faɗa Kasuwar Kurmi, wadda ita ma Rumfa ya kafa, ka tambayi 'yan riguna nawa aska takwas ta aikin hannu take a yau. Kuma don Allah ka tafi da wani tsoho ko tsohuwa daga gidanku, ka sayo musu goro a hanya, domin bakinsu ba zai rufe ba har la'asar.