Harshen da aka tsallake: sharhi kan tsarin binciken ɗaliban Ingilishi a ƙasar Adar

Al'adar nan da ɗaliban mastar da na dakta suka ɗauka, ta karanta wa juna babin farko na kundinsu tun kafin su fita tattara bayanai, aba ce mai kyau. Gyaran da za a yi wa shafi goma ya fi sauƙi bisa ga wanda za a nema ranar kare kundi. Don haka ne muke son yin tsokaci a nan kan wani rukuni na waɗannan ayyuka, wato waɗanda suka shafi koyar da Ingilishi da adabinsa a kwalejojin Madawa da Buza da Keita, cikin jihar Tawa.

Mafi yawansu kan dogara da hanyar kwatanta harsuna ta Robert Lado, wadda ya shimfiɗa a littafinsa na 1957. Manufar hanyar ita ce a jera harshen uwa na mai koyo da harshen da yake koyo, a duba inda suka saɓa, domin a nan ake zaton zai yi tuntuɓe. To, amma a gurbin harshen uwa sai mu tarar ɗalibanmu sun sa Faransanci. Yaron Buza da ya shigo ajin farko na kwaleji ya yi shekara 6 yana karatu da Faransanci, gaskiya ne, sai dai Hausa yake yi a gida da kasuwa, in kuma a wajen Keita ne, ta yiwu da Tamajak ya tashi. Ke nan harsuna uku ne ke haɗuwa a bakinsa, wani ma huɗu, alhali tsarin binciken biyu kawai ya gani.

Wasu sun lura da giɓin, suka nemi cike shi da nazarce-nazarcen da aka yi a Kano da Zariya. Wannan ma bai raba gardama ba. A Kananci, sautin da ake rubutawa da harafin f yana iya fita kamar f, yana iya fita kamar p, shi ya sa Bakano mai koyon Ingilishi kan gauraya su biyun. A Adar kuwa cewa ake yi hwaɗi da tahi da hita, inda Kano ke cewa faɗi da tafi da fita. Ga shi kuma yaron ya riga ya gamu da p da f daban-daban a Faransancin firamare. Wanda ya kwafo jerin kurakuran ɗan Kano ya ɗora wa ɗan Adar, ya rubuta sakamako ne tun bai shiga aji ba. Ba kuma rashin madogara ne ya kawo haka ba: Bernard Caron ya fitar da bayanin Adaranci, Le haoussa de l'Ader, tun 1991. Sai dai a kula, Madawa tana tsakanin Adar da Gobir ne, bai kamata a ɗauka karinta da na Keita ɗaya ne sak ba.

Akwai misalin da ya fi wannan jan hankali. Faransanci ba ya furta h, Ingilishi yana furta shi, Adaranci kuwa cike yake da shi. Saboda haka idan mai bincike ya ji yaron Keita yana zubar da h a farkon kalmar Ingilishi, ba daga gida ya zo da wannan ba. Abin da za a fara tuhuma shi ne lafazin da yake ji a aji, ko kuma yadda ya saba karanta harafin a Faransanci. Tsarin da bai san da Hausa ba zai rubuta "tasirin harshen farko" ya wuce, ya bar tambayar da ta fi amfani ga masu horar da malamai.

Ko takardar tambayoyin ma tana da tarko. A Nijar, kalmar Turanci sau da yawa Faransanci take nufi. Wanda ya tambayi iyaye a Madawa ko suna son ƴaƴansu su koyi Turanci, ba lalle ya san harshen da aka amsa masa a kai ba, balle ma garin yana kusa da iyakar Najeriya, inda kalmar ke nufin Ingilishi.

A ɓangaren adabi za mu taƙaita. Ayyukan da suka zaɓi Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, kan cika shafuka da ra'ayoyin masana, amma ba su cika tambayar abin da ɗan kwaleji ya riga ya sani game da labari ba: gatanan da ya ji wurin kakarsa, da finafinan Kano da yake kallo. A ganinmu daga nan ya kamata darasin ya faro. Ra'ayin ba sabo ba ne. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya yi kira a koyar da harsunan Afirka a littafinsa na 1964, Nijar ta buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan ƙasa daga 1973, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba su gurbi.

Abin da muke nema ga mai irin wannan bincike kafin ya hau mota zuwa Buza ba shi da yawa. Ya ƙara shafi guda kan sautukan karin garin, ya tambayi kowane yaro harshen da ake yi a gidansu, sa'an nan idan ya kunna na'urar ɗaukar magana a aji, ya ɗauki muryar malamin tare da ta ɗalibai.