3.4 Daga "Kristi" Zuwa "Almasihu": Nazarin Zaɓen Kalma a Fassarorin Littafi Mai Tsarki

A wannan sashe za a dubi kalma guda wadda masu fassara suka sauya tsakanin fassarar 1932 da ta 1979, domin a ga abin da sauyin ya jawo wa ɗalibin da ke karatun tauhidin Kirista da harshen Hausa. Fassarar 1932, wadda Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya yi ɗawainiyar mafi yawan aikinta, ta yi amfani da "Yesu Kristi". Ita kuwa ta 1979, wadda Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fitar, sai ta koma ga "Yesu Almasihu".

Ta fuskar tsarin sauti, wannan sauyi ya dace. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa bakin Bahaushe yakan saka wasali ya ce "Kiristi", kamar yadda ya mayar da sunan mabiyan addinin "Kirista". Almasihu kuwa ta daɗe da zama 'yar gida. Ta shigo ta hanyar Larabci tun kafin zuwan 'yan mishan, kuma ta zo sau 11 a cikin Alƙur'ani a matsayin laƙabin Annabi Isa (AS). Haka nan tushenta ɗaya da kalmar Ibrananci "mashiyak", wadda "Kristos" ta Helenanci take fassarawa. Ke nan masu aikin 1979 sun kusanto asali fiye da magabatansu.

Sai dai a ganin mai wannan nazari, sabo da kalma daban, fahimtarta daban. Ma'anar kalmar a Ibrananci da Helenanci ita ce wanda aka shafe da mai domin a keɓe shi ga wani muƙami. A Tsohon Alkawari haka aka yi wa firistoci da sarakuna: Sama'ila ya shafe Saul, ya kuma shafe Dawuda. Har Sairus, sarkin Farisa, wanda ba Bayahude ba ne, an kira shi da wannan laƙabi a Ishaya 45:1. To, Bahaushe idan ya ji "Almasihu", suna yake ji, kamar a ce Musa ko Haruna. Ba ya jin "shafewa" a cikinta ko kaɗan, domin ba ta da dangantaka da aikatau "shafa" a Hausa. Saboda haka igiyar da ta ɗaure sarautar Dawuda da laƙabin Yesu, wadda mai karatun Helenanci yake gani da idonsa, ta tsinke a hannun mai karatun Hausa. Kalmar kuwa ta zo fiye da sau 500 a Sabon Alkawari, don haka ba ƙaramin al'amari ba ne.

A nan ne matsalar ta shafi makarantu. Ɗalibin Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya da ke Bukuru, wadda aka buɗe a 1959, da Ingilishi yake karatu, kuma yana da damar koyon Helenanci da Ibrananci, sai ya koma asali ya duba. Amma ɗalibin makarantar Baibul ta Hausa, wanda shi ne zai je ƙauye ya yi wa'azi, fassarar nan ita ce iyakar abin da ke hannunsa. Abin da mai fassara ya zaɓa masa shi zai ɗauka, shi kuma zai koyar. (Ita kanta kalmar "tauhidi" da waɗannan makarantu ke amfani da ita aro ce, kuma a wurin malaman Musulunci kaɗaita Allah take nufi, ba ilimin sanin Allah gaba ɗaya ba. Za a dawo kanta a babi na huɗu.)

Akwai kuma wata asara ta biyu. Ayyukan Manzanni 11:26 ta nuna cewa a Antakiya aka fara kiran almajirai "Kirista". A fassarar 1932 mai karatu yana iya jin kusancin "Kristi" da "Kirista", ya gane cewa daga laƙabin shugabansu aka ciro sunan. Da aka koma ga "Almasihu" sai kalmomin biyu suka rabu, domin babu wanda ke kiran kansa "Ba'almasihe" a bakin mutane.

Wannan bai sa a ce gara a koma ga "Kristi" ba, tun da ita ma ba ta ɗauke da ma'anar shafewa a Hausa. Abin da aikin ke bukata shi ne ɗan bayani a ƙasan shafi a wuraren da laƙabin ke nufin muƙami, musamman Yahaya 1:41 da 4:25, inda marubucin da kansa ya kawo kalmar ta asali sannan ya fassara ta wa masu karatunsa na Helenanci.