Ƙara wa Sarbo Wuta Yana da Sharuɗɗa

Shekaru da dama ke nan ina zaune da ƙarfen dalma a hannu cikin wata 'yar rumfa a Adjamé, ba nisa da kasuwar nan da ake kira Black Market, inda na fara da gyaran rediyo, zamani ya kai ni ga kaset da talabijin, daga bisani wayar hannu ta mamaye teburin. Amma a 'yan shekarun nan sai ga samari suna kawo mini wani abu da ban taɓa zaton zai shiga sana'ata ba, watau 'yan motocin nan da ake tuƙawa daga nesa da rimot. Ba irin na yara da ake zubawa a bakin titin Nangui Abrogoua gab da Kirsimeti nake nufi ba, waɗanda in sun lalace sai juji. Ina nufin masu tsada, waɗanda ake kwance su gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da sunanta da farashinta. Kuma cikin dukan abin da ake kawo mini daga jikinsu babu wanda ya kai sarbo yawa.

Sarbo ɗan akwati ne da bai wuce na ashana da yawa ba, a cikinsa akwai ƙaramin inji da haƙoran giya da 'yar faranti mai ɗauke da dabarar lantarki, aikinsa kuwa shi ne juya tayoyin gaba dama da hagu gwargwadon umarnin mai rimot. Wayoyi uku ne ke shiga cikinsa: baƙa ko ruwan ƙasa, ja mai kawo wuta, da fara ko ruwan lemo mai kawo saƙo. To, al'adar da ta shigo yanzu, wadda samarinmu suka ɗauko daga hotunan bidiyo na mutanen Amurka da Faransa, ita ce a ƙara ƙarfin wutar da ke bin jar wayar nan, domin sitiyari ya ƙara sauri da ƙarfi. Ra'ayina, tun kafin in yi nisa, shi ne abin yana da asali, fa'idarsa kuma tabbatacciya ce, sai dai yana da sharuɗɗa, kuma galibin masu yinsa a nan sun ɗauki hukuncin sun bar sharuɗɗan.

Ya kamata mai karatu ya san inda alƙaluman suka samo asali. A da batirin waɗannan motoci ƙwayoyi ne masu bolt 1.2 kowace, in an haɗa huɗu a sami 4.8, in an haɗa biyar a sami 6, saboda haka aka gina sarbo na gargajiya a kan wannan haddi. Sanannen sarbon nan mai arha, MG996R, takardarsa ta nuna yana jan kilo 9.4 a tsawon santimita ɗaya in an ba shi 4.8, ya kai kilo 11 in an ba shi 6, wanda hujja ce a fili cewa ƙarin wuta yana ƙara ƙarfi. Daga baya batirin LiPo ya zo, kowace ƙwaya tasa tana da 3.7, ta kai 4.2 idan ta cika, ma'ana mai ƙwaya biyu da aka rubuta masa 7.4 a jiki, a haƙiƙa 8.4 yake bayarwa sa'ad da aka cire shi daga caji. Domin wannan ne masana'antu suka ƙera wani jinsi na sarbo da suke sa wa alamar HV, wanda aka yi shi musamman don ya jure har 8.4. Wanda bai da wannan alama, kuma takardarsa ba ta ambaci wannan adadi ba, ba a yi shi don haka ba.

A daminar bara ɗan ƙanwata ya tsallako gadar Houphouët-Boigny daga Treichville da motarsa cikin leda, fuskarsa a murtuke. Tun kafin ya ajiye ta hancina ya ba ni labari, domin ƙaurin farantin lantarki da ya ƙone ba ya ɓuya ga wanda ya daɗe a sana'a. Ya ce, “Kawu, minti biyar kawai ta yi tana juyawa kamar walƙiya, sai sitiyarin ya ƙage a gefe ɗaya.” Na kwance 'yan sukurori huɗu na gindin sarbon, na ɗaga murfin, sai ga wani baƙin tabo kamar ƙwayar gero a kan farantin, roba ta narke a kewayensa, inji kuwa har lokacin in ka sa yatsa ka ji bai saki ba. Na tambaye shi abin da ya yi, ya ce wani abokinsa ne ya nuna masa yadda ake ɗauko wuta kai tsaye daga batiri mai ƙwaya biyu. Na ce masa, “Ɗana, ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa kuwa?” Ya sunkuyar da kai. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne kuɗin da ya tara wata da watanni yana taya wani mai sayar da abincin garba aiki, ga su sun tafi cikin minti biyar.

Dalilin ƙonewar lissafi ne mai sauƙi, kuma ina so kowane saurayi ya riƙe shi. Daga 6 zuwa 8.4 ƙari ne na kashi 40 cikin ɗari, wanda a ido bai yi yawa ba. Amma zafin da ke taruwa cikin injin, a lokacin da taya ta tokare shi kuma yana ta yunƙurin juya ta, ba ya bin ƙarin sau ɗaya, yana bin ƙarin ne a ninke da kansa, watau 1.4 sau 1.4, wanda ya ba da 1.96, kusan ninki biyu ke nan. Ka haɗa wannan da zafin Abidjan, da yashin filin da ake tseren, wanda ke riƙe taya ya tilasta wa sarbo aiki ba hutu, sai ka ga cewa abin da ya jure a ƙasar sanyi bisa shimfiɗaɗɗen kafet ba lallai ya jure a nan ba.

Akwai kuma wani sharaɗi da ake mantawa, alhali shi ne mafi hatsari. Jar wayar nan ba ta sarbo ba ce shi kaɗai. Ta cikin risiba take bi, watau ɗan akwatin da ke karɓar saƙon rimot, kuma duk abin da aka soka a jikin risibar, fitilu ne ko 'yar fanka, daga wannan wuta yake sha. Wanda ya sayi sarbo mai HV ya ɗaga wuta, bai duba takardar risibarsa ba, ya cika sharaɗi ɗaya ya bar saura.

Amma abin da na fi son in tsaya a kansa shi ne wannan: mafi yawan waɗanda ke zuwa suna kukan sitiyarinsu ba shi da ƙarfi, ba ƙarancin bolt ke damunsu ba, ƙarancin amfa ne, watau yawan wutar da ke iya kwarara a lokaci guda. Misalinsa kamar famfo ne mai tsananin matsi amma bututunsa siriri. A cikin akwatin da ke sarrafa gudun mota akwai wani sashe mai daidaita wuta, wanda ake rubuta wa BEC, shi ne ke rage wutar babban batiri ya miƙa wa risiba da sarbo, kuma a motoci masu arha sau da yawa bai wuce amfa 2 ko 3 ba, alhali sarbo ɗaya irin wanda na ambata yana iya jan 2.5 idan ya tokare. Sa'ad da buƙata ta fi ƙarfin BEC sai wuta ta faɗi, risiba ta ɗauke na ɗan lokaci, mota ta zama ba mai iko da ita. Mota mai nauyin kilo uku tana gudu ba linzami, a unguwa irin Treichville da yara ke wasa a kowane lungu, ba hasarar dukiya kaɗai ba ce, haƙƙin mutane ne ya hau wuyan mai ita. Wanda ke cikin wannan hali in ya ƙara bolt, cutar ya ƙara wa kansa, domin sarbon zai ƙara jan wuta ne.

Maganin da nake yi wa irin waɗannan bai da wuya. Nakan fara ɗaga motar in juya tayoyin da hannu, domin sau da yawa yashi ne ya cushe a mahaɗa, ko kuwa iskar bakin ruwan Ébrié mai ɗanshi ta sa kawunan wayoyi sun yi tsatsa. Sa'an nan in rage iyakar juyin sitiyari daga rimot, yadda sarbo zai tsaya kafin ya tokare ya riƙa gurnani. Idan wannan bai wadatar ba, sai in sa mai daidaita wuta na dabam, mai amfa 5 ko fiye, in zare jar wayar da ke fitowa daga akwatin gudu in naɗe ta, don kada masu daidaitawa biyu su yi ta ja-in-ja a kan waya ɗaya. Wani lokaci kwandansa guda, watau 'yar ma'ajiyar wuta, a jikin risiba ta isa ta kawar da ɗaukewar nan. Bayan duk wannan ne, in takardun sarbo da risiba sun yarda, nake ɗaga wuta zuwa 7.4, kuma nakan fi son a tsaya a nan, ta hannun mai daidaitawa, maimakon a ɗauko 8.4 tsirara daga batiri.

Ga 'yan'uwana masu sayar da kaya kuwa ina da magana, domin sayarwa amana ce. Kaya da yawa suna zuwa kasuwannin nan babu kwali babu takarda, kuma na sha jin mai saye ya tambaya ko sarbo zai ɗauki batiri mai ƙwaya biyu, a amsa masa da “zai ɗauka” ba tare da ilmi ba. Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, wannan ba ya rage masa ciniki, kuma ya fi masa alheri da a dawo masa da ƙonannen kaya ana zarginsa da ha'inci.

Ɗan ƙanwata ya sake tara kuɗi, mun sa masa sarbo mai HV da mai daidaita wuta a kan 7.4, motarsa tana aiki har yau. Roƙona ga samarin Adjamé da Treichville shi ne, kafin ku sayi sabon sarbo ku sayi 'yar mitar auna wuta, wadda kuɗinta bai kai na sarbo mai kyau ba, ku koyi ɗora ta a kan jar waya da baƙa, ku karanta takardar kowace gaɓa da ke kan wannan layi. In adadin da mita ta nuna ya wuce na takarda, kada ku soka.