Wa Ya Yi Mafarkin? Sharhi Kan Mafarki A Ƙagaggun Labaranmu

A ƙarshen daminar da ta wuce mun yi kwana biyu a Dugabau, cikin Ƙaramar Hukumar Kabo. Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, wata yarinya ta kunna wayarta, aka shiga sauraron wani littafi daga cikin waɗanda ake karantawa a YouTube. Can cikin labarin tauraruwar ta yi mafarkin wani baƙin maciji ya fito daga ɗakin kishiyarta ya nufo gadonta, ta farka a firgice tana salati. Tun kafin mai karatun ta ci gaba 'yanmatan suka haɗa baki: “Shi ke nan, ta yi mata asiri!” Ba su yi kuskure ba, babi biyu a gaba sai ga kishiyar durƙushe a gaban boka.

Wata dattijuwa da ke gefe tana ɓarar gyaɗa ba ta gamsu ba. Cewa ta yi, “Ita wannan yarinyar a ina take kwana? Mu nan in ciyawa ta yi tsawo, wane ne bai yi mafarkin maciji ba?” Aka yi dariya aka wuce. Mu kuwa tambayar ta biyo mu har gida, domin ita ce tambayar da yawancin marubutanmu suka daina yi.

Duk mai bin labaran da ake saki a WhatsApp da Wattpad da Facebook ya san mafarkan da ke yawo a cikinsu, kusan ana iya ƙirga su da yatsu. Akwai macijin da ke nufin maƙiyi, da cin nama ko tuwo cikin barci da ke nufin an yi sammu, da faɗuwar haƙori da ke nufin za a yi rashi. Akwai saurayin da budurwa ke gani kullum dare ba ta taɓa ganinsa a farke ba, sai a babi na goma ya fito daga mota. Kowane daga cikinsu na zuwa da fassararsa a goye, kuma ba ya taɓa saɓawa. Mai karatu ya riga tauraruwa sanin ma'anar mafarkinta. Da za a cire sunanta a sa na wata, likita ce ko mai tallar fura, a Nasarawa ta girma ko a ƙauye, mafarkin ba zai canza ko ɗigo ba. To mafarkin da kowa zai iya yi ba ya gaya mana komai game da wadda ta yi shi. Sanarwa ce kawai marubuciya ke yi na abin da za ta rubuta nan gaba.

Wani zai ce ai haka al'adarmu take, haka aka gada daga Ibn Sirina. A nan ne muke ganin an yi wa gadon gajeriyar fahimta. Muhammad bin Sirin mutumin Basra ne, ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira. Babban littafin fassarar mafarkin da ake sayarwa da sunansa a kasuwar Kurmi da bakin masallatai, manazarta sun daɗe da nuna cewa tari ne da aka haɗa a bayansa, tunda akwai maganganun mutanen da suka zo bayan rasuwarsa a ciki. Tsarin nan na ƙamus, inda mutum zai duba kalma ya ga ma'ana, ya fi fitowa fili a littafin Abdulgani Nabulisi, wanda ya rasu a 1731, da ya jera abubuwan mafarki bisa haruffa. Daga nan zuwa shafin intanet da ake rubuta “mafarkin maciji” a samu amsa cikin daƙiƙa, tafiyar ba ta da nisa.

Amma labarin da ya fi shahara game da Ibn Sirina kansa ya saɓa wa wannan tsari. Mutum biyu suka zo masa, kowanne ya yi mafarkin yana kiran salla. Na farko ya ce masa zai yi aikin hajji, na biyu ya ce masa za a kama shi da sata. Da aka tambaye shi dalili, sai ya nuna cewa ya dubi kamannin kowannensu ne da halinsa: ɗaya ya tuna masa kiran da aka umarci Annabi Ibrahim ya yi wa mutane zuwa hajji, ɗayan ya tuna masa mai shelar da ya kira ayarin 'yan'uwan Annabi Yusuf ɓarayi. Mafarki ɗaya, fassara biyu, kuma abin da ya raba su shi ne rayuwar masu mafarkin a farke. Tsofaffin malaman zaure da muka taso muka gani haka suke yi. Kafin malam ya ce uffan sai ya tambaye ka sana'arka, da abin da ke damunka, da lokacin da ka yi mafarkin, ko da alwala ka kwanta. Sau da yawa ma ƙarshen zancen shi ne a ce ka je ka yi sadaka ka bar maganar.

Surar Yusuf, wadda duk mai rubutu da Hausa ya san labarinta tun yana makarantar allo, ta isa darasi ga mai son koyon wannan sana'a. Fursunoni biyun da suka kawo mafarkinsu, ɗaya ya ga yana matsar inabi, ɗaya ya ga gurasa a kansa tsuntsaye na ci. Masu tafsiri sun ce na farkon mai shayar da sarki ne, na biyun mai yi masa gurasa. Wato kowa da kayan aikinsa ya yi mafarki. Sarkin Masar, wanda cikin talakawansa ke wuyansa, shanu ya gani da zangarniya. Fassarar da ya samu kuma ba ta tsaya ga faɗin abin da zai auku ba, ta zo da aiki: a yi noma shekara bakwai, a bar hatsin cikin zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci. Manomin Dugabau ko na Gwarzo da ke jera damman gero a rumbu ba tare da ya sussuke ba, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan shawara. Sannan ga abin da muka fi mantawa. Amsar farko da Annabi Yaƙub ya ba ɗansa ba fassara ba ce, gargaɗi ne kada ya faɗa wa 'yan'uwansa. Ya san haɗarin mafarki yakan fara ne daga lokacin da ya shiga kunnen mutane.

A cikin ƙagaggun labaranmu na farko akwai wanda ya fahimci wannan. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta fito da littattafai biyar, ciki har da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, ɗan wannan yanki namu, wanda ya gina labarinsa a kan wayon ɓarayi. Amma wanda ya shafi zancenmu shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. An raba Umar da mahaifiyarsa yana ƙarami, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, aka ƙetare hamada da shi, ya yi karatu ya zama malami. A zahiri ba abin da ya rasa. Sai mafarki ya zo ya tayar masa da zancen uwa, ya bar duk abin da ya samu ya fita nemanta.

Abin lura shi ne mafarkin bai kawo wa Umar wani labari daga sama da ba shi da tushe a rayuwarsa ba. Abin da ke kwance a zuciyarsa shekara da shekaru ne ya taso, abin da jin daɗi da karatu suka rufe. Wannan mafarki ba za a iya ba wani tauraro shi ba, na yaron da bauta ta raba da uwarsa ne shi kaɗai. Kuma marubucin bai mayar da shi maganin komai ba. Umar ya sami mahaifiyarsa, amma bayan wahalar bauta ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu. Mafarkin ya yi gaskiya, ya kuma zo a makare, shi ya sa har yau yake da ciwo. Muna da ƙorafinmu a kan littafin, musamman yadda yake kallon cinikin bayi da sanyin murya kamar wata ƙaddara da ba mai laifi a cikinta, amma a wannan gaɓa ɗaya ya fi jikokinsa da yawa.

Mu dawo kan saurayin mafarki, domin shi ya fi ba mu tausayi. Ba mu ɗauke shi lalaci zalla ba. A al'ummar da kunya da kawaici suka hana budurwa ta buɗe baki ta ce ga wanda take so, barci ne kaɗai ɗakin da ba mai leƙa ta. Marubuciyar da ta sa tauraruwarta mafarkin namiji ta gano wata gaskiya game da rayuwar mata. Inda ta ɓata rawarta da tsalle shi ne da ta mayar da mafarkin hukuncin ƙaddara. Yarinyar ba ta zaɓa ba, nuna mata aka yi, saboda haka ba mai zarginta da rashin kunya. An wanke ta, amma an ƙwace mata zaɓin. Tun a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, Balaraba Ramat Yakubu ta nuna ana iya rubuta mace da ke yanke shawara idonta biyu, ta kuma ɗauki abin da ya biyo baya. Abin mamaki ne a ce bayan shekara talatin da ɗoriya muna komawa muna ɓoye muradin mace a ƙarƙashin filo. Haka nan istihara. A littattafan nan da wuya a yi ta ba a ga farin kaya ko baƙin rami cikin barci ba, alhali malamai sun sha bayyana cewa mafarki ba sharaɗi ba ne a cikinta.

Hadisin da ya kasa mafarki gida uku sananne ne: akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwar Shaiɗan, akwai zancen da mutum ke yi da zuciyarsa. Marubutanmu sun rungumi na farko, suna aron na biyu idan ana son a firgita mai karatu, na ukun kuwa sun yi watsi da shi, ga shi kuma shi ne gonar mai ƙaga labari. Lokacin da Sigmund Freud ya fitar da littafinsa kan mafarki a 1899, ɗaya daga cikin abubuwan da ya soka shi ne wannan hanya ta fassara kowace alama da ma'ana tsayayya, ya ce sai an bi ta kan abin da alamar ke tuna wa mai mafarkin. Ba sai mun yarda da sauran maganganunsa ba, da yawansu ma ba su zauna mana ba. Mun kawo shi ne don a ga cewa tambayar dattijuwar Dugabau ba ta ƙauye ba ce.

Da abin ya tsaya a kan salo da ba mu ja zancen haka ba. Amma mafarki a ƙasar nan ba wasa ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya rubuta ganin da ya yi wajen 1794, inda aka ɗaura masa takobin gaskiya a hannun Shaihu Abdulƙadir Jilani, shekara goma kafin jihadin 1804. Mutanen da tarihinsu ke ɗauke da irin wannan ba sa jin mafarki su yi gaba. A ƙananan gidaje ma haka yake. Mun san gidan da kishiyoyi biyu suka yi shekaru suna ci daga tukunya ɗaya, har ranar da ɗayarsu ta yi mafarkin 'yar'uwarta ta miƙo mata nama. Tun daga ranar aka raba girki, aka hana yara shiga ɗakin juna, kuma har yau ba wanda ya ga laya ko ƙulli. Ba mu ce littafi ne ya raba su ba, camfin ya girmi littafin. Sai dai idan mace ta saurari labari ashirin, a kowanne mafarkin sammu ya tabbata, ba ko ɗaya da ya tashi a zazzaɓi ko kishi ko yunwa, to an ƙara wa zarginta ƙarfi ba tare da ta sani ba. Kowa kuma ya san yadda ake jefa wa tsohuwa kalmar maita don mara lafiya ya ambaci sunanta cikin magagi. Koyarwar addini game da mummunan mafarki a fili take: a yi tofi ta hagu sau uku, a nemi tsari, a juya kwanciya, kada a ba kowa labari. A littattafanmu tauraruwa takan yi tofin, sannan gari na wayewa ta kira ƙawarta a waya.

Labarin da muke jira a rubuta ba mai wuya ba ne. Amarya ce aka kawo daga birni zuwa gari irin Dugabau a tsakiyar damina, ɗakinta na kusa da rumbu, ranar da ta tare ta ga yara sun kashe kububuwa a bayan danga. Ta yi mafarkin maciji ya fito daga ɗakin uwargida. Ta faɗa wa mahaifiyarta a waya, mahaifiyar ta faɗa wa wani malami, magana ta dawo gidan da ƙafafunta. Uwargidan ba ta yi komai ba, ko kuwa ta yi wani abin daban da ba shi da alaƙa da boka, mai karatu ba zai tabbatar ba sai can ƙarshe, wataƙila ma ba zai tabbatar ba. A daren na biyu mun gwada ba da wannan a tsakar gidan. 'Yanmatan suka ce labarin ba zai yi daɗi ba in ba boka a ciki. Dattijuwar ta tambaya ko uwargidan tana da 'ya'ya, da kuma ranar girkin wa aka yi mafarkin.